Ki ba shi labarin Sakkwaton da kika sani

Wagga muryar da Anti ta turo ce a gurup ɗinmu daren jiya. Na zauna na rubuta ta saboda waɗanda sunka ce datarsu ba ta isa su saurara ba.

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da dare, ya zafi, ya aiki? Ku yi mini haƙuri ban amsa tun da rana ba, ina wurin aiki, sai yanzu na samu na zauna. Ƙanwata da ta turo takarda shafi biyu, ta ce amsoshi ne ta kwafo a intanet kan garinku da abinci da al'ada, tana tambaya ko ta haddace su kafin ranar jarrabawar magana ta IELTS, wato jarrabawar Turanci ta masu neman aiki ko karatu a ƙasashen waje, ke nake amsa wa. Amma kowa ya kasa kunne, don na san ba ke kaɗai ke da irin wagga takarda a jaka ba.

Na karanta ta tun daga farko har ƙarshe. Turancin da ke ciki ba shi da laifi. Sai dai garin da ke ciki ban san shi ba. An ce iskar teku na kaɗawa da yamma, an ce mutane na shiga jirgin ƙasa su tafi aiki da safe. Ƙanwata, ke da aka haifa a Kanwuri, yaushe kika ga teku? Don Allah kada ki haddace ta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya sa nake magana da zafi haka, ni ya faru da ni. Karo na farko da na zauna, Abuja na tafi, na kwana a hanya, cikina cike da hadda. Kun san mu, tun muna riƙe da allo hadda ba ta ba mu wahala, baiwa ce Allah ya yi mana. Mai jarrabawar ya tambaye ni daga ina nake, na zubo masa kamar ana karanta wasiƙa. Ya gyaɗa kai, sai ya ce, to me ya canza a garin daga ƙuruciyarki zuwa yau? Wallahi wagga tambaya ba ta cikin takardata. Na buɗe baki na rufe. Ina jin bugun zuciyata, ina kallon na'urar da ke naɗar magana a kan tebur, shi kuma yana jira. Na yi shekara talatin da wani abu a garin nan, amma na rasa jimla ɗaya da zan faɗa a kansa, saboda kaina ya tafi neman layin da na haddace. Sakamako ya fito, maki 6 na samu a magana. Hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila, NMC, 7 take nema. Kuɗin jarrabawa da kuɗin mota duk sunka tafi, kuma kun san ba ƙananan kuɗi ba ne.

To bari in faɗa muku yadda abin yake, ga waɗanda ba su taɓa shiga ba. Duka-duka minti 11 zuwa 14 ne, kashi uku. Kashin farko minti huɗu zuwa biyar, nan ake tambayar gida, aiki, karatu, garinku, abin da kike ci. Na biyu a miƙo miki kati da batu ɗaya, a ba ki fensir da takarda da minti ɗaya ki shirya, sannan ki yi magana ke kaɗai har zuwa minti biyu. Na uku hira ce mai ɗan zurfi a kan wancan batun. Abu huɗu ake auna miki: ko maganarki na tafiya ba tare da yawan tsayawa ba kuma tana da kai da gindi, yawan kalmomin da kike iya juyawa, nahawu, da lafazi. Babu makin sanin tarihi a ciki. Kuma an horar da su su gane hadda, da sun ji ta sai su sauya tambaya.

Yanzu garinmu. Idan mutum ya ce ba shi da abin faɗa a kan Sakkwato, ni abin har ciwo yake mini. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ga Hubbare nan mutane na zuwa ziyara daga nesa, har daga Nijar. Ga fadar Sarkin Musulmi. Ga Giginya inda anka gwabza da Turawa a 1903. Ga Nana Asma'u da 'Yan Taru, matan da ta riƙa turawa ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata. Idan katin ya ce ki yi magana kan wata mace da kike girmamawa a tarihi, ai kin gama samu. Amma ki kula, a kashin farko ba lacca ake so ba. Jimla biyu, uku, ki tsaya. Shekara ɗaya ta ishe ki, ki sa ta kamar gishiri a miya. Kuma kada ki ce masa bikin kamun kifi na Argungu a jiharmu yake, tun 1991 anka cire Kabi. Ba zai rage miki maki ba, amma ke kin san ba haka ba ne, kuma da mutum ya fara faɗin abin da bai tabbata ba muryarsa ke fara rawa.

Abin da ya fi tarihi yi miki amfani shi ne abin da idonki ya gani. Zafi ma kaɗai ya isa amsa. Ki ce masa a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, muna fitar da tabarmi tsakar gida mu kwana, ana yayyafa wa ƙasa ruwa da magariba don ta huce, ruwan randa ya fi komai daraja. Ki ce idan hunturu ya shigo hazo kan rufe gari, leɓe ya tsattsage, yara su kewaye murhu da safe. Ki faɗi fadamar gulbin Rima, albasa da shinkafa, buhunan albasa jibge a bakin hanya ana loda wa manyan motoci zuwa kudu. Ki faɗi jar akuyarmu da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, da dukawa masu ɗinka jaka da takalmi. Duk wannan ba sai kin haddace ba, a cikinsa kika girma.

Karo na biyu da na zauna, tambayar canji ta sake fitowa, da wata fuska. Na ce masa, lokacin da nake ƙarama bayan gidanmu gonakin gero ne, muna shiga mu karyo kara, yanzu gidaje ne har iyakar ganinka, kuma inda muke takawa da ƙafa yanzu kabu-kabu da Keke Napep ne. Na ce ina murna da asibiti ya matso kusa, amma ina kewar yadda kowa ya san kowa. Shi ke nan. Ban yi wani babban Turanci ba. Amma ban tsaya ba, don gonar nake gani a idona ina magana.

Sai abinci, nan ne na ga mutanenmu sun fi jin kunya, kuma ban san dalili ba. Wani ƙanena a nan gurup ɗin, ranar da munka yi gwaji, na tambaye shi abincin da ya fi so, ya ce mini piza. Na ce ƙanena, yaya ake yin ta? Shiru. Na ce to hura fa? Sai ga baki ya buɗe. Ai hura kyauta ce Allah ya ba ku a wagga jarrabawa, saboda aiki ne mai hawa-hawa, kuma mai jarrabawa yana son ya ji kina jera abu: da farko, bayan nan, daga ƙarshe. A surfa gero, a bushe dusa, a wanke. A daka shi ya zama gari tare da citta da kanumfari da barkono. A kwaɓa a dunƙula, a jefa cikin tafasasshen ruwa ya dahu. A kwashe a zuba a turmi a kirɓa har ta yi laushi tana danƙo, a cura, a mulmula cikin gari don kada ta manne. Sannan a kawo ƙwarya, a zuba nono, a dama da ludayi. Ki ƙara da wanda ke kawo muku nonon, Bafillatanar da ke shigowa da hantsi da ƙwarya a kai, da yadda mahaifinku ba ya komawa kasuwa bayan azahar sai ya sha. Wallahi minti biyu za su ƙare ba ki gama ba.

Kalmomin da za ki nema ba su da yawa. Gero millet ne, dawa sorghum, ƙwarya calabash, kuka baobab, turmi da taɓarya mortar da pestle. Ki rubuta irin waɗannan guda ashirin, su ne kaɗai na yarda ki haddace. Sunan abincin kuwa ki bar shi da Hausa, ki ce fura, ki ce tuwo, ki ce kilishi, sannan ki bayyana. Idan kalma ta ɓace miki, kada ki tsaya nemanta, ki kewaya. Kin manta sunan daddawa? Ki ce wasu 'ya'yan itace ne da muke dafawa mu rufe su kwana biyu har su yi wari mai ƙarfi, muna sa wa miya don ɗanɗano. Wannan kewayawar ita kanta maki ce, tana cikin abin da suke dubawa.

Al'ada kuma, ki zaɓi wadda kin tsaya a cikinta da ƙafarki. Ni daren ganin wata na ɗauka. Na ce masa Musulmin Najeriya kan jira sanarwa daga garinmu, Sarkin Musulmi ne ke faɗin an ga wata, azumi ko Sallah. Na ba shi labarin yadda muke zama tsakar gida kowa ya kasa kunne ga rediyo, innarmu ta riga ta jiƙa gero ko da za a tashi da azumi, yara na leƙe ƙofa, da an faɗa sai unguwa ta kaure da murna. Ke kuma wataƙila suna ne ya fi zauna miki: kwana bakwai, a taru da sassafe, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi wa jariri aski. Ko biki, sa lalle da kai amarya. Duk wanda kika ɗauka, ki sa mutum ɗaya a ciki, gwaggonki ko kakarki, da abin da ta yi ran nan.

A kashi na uku ne za su ce, kina ganin matasa na barin al'adunsu? Nan ra'ayinki ake so da dalili. Lefe kaɗai ya ishe ki misali: yadda yake a zamanin iyayenmu, yadda akwatuna sunka yi yawa yanzu har samari na tsoron aure, da abin da ke kike gani ya dace. Ba a kama ki da laifi don kin saɓa wa ra'ayinsa. Idan ba ki ji tambaya ba, ki roƙe shi ya maimaita, an yarda.

Lafazi, a taƙaice. Ba a ce ki koma Baturiya ba, a dai fahimce ki. Inda muke faɗuwa sanannen wuri ne: p da f. Mu da ke cewa hura, sai ka ji pan da fan sun zama abu ɗaya a bakinmu, ko people ta koma fiful. Ki riƙe 'yar takarda gaban leɓenki, idan kin faɗi p daidai za ta motsa da ƙarfi. Sai kuma wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, school ta zama sukul. Minti biyar kullum a kan waɗannan biyun ya isa.

Kuma don Allah ku daina gwaji a zuci. Karatu da ido daban, buɗe baki daban. Wayar da kike saurarena da ita tana naɗar murya. Ki sa agogo, minti ɗaya ki rubuta kalmomi huɗu ko biyar, kada ki rubuta jimla, sannan ki yi magana minti biyu. Ki saurari kanki. Ranar farko ba za ki ji daɗin abin da kika ji ba, ni ma ban ji ba, amma a nan za ki gane sau nawa kike cewa "eh, eh", da inda kike fara labarin jiya ki ƙarasa shi da nahawun yau. Washegari ki sake batun da wasu kalmomi dabam, don kada shi ma ya koma hadda.

Ga abin da nake so mu yi. Gobe bayan isha'i kowa ya turo murya ta minti biyu da Turanci, kan abinci ɗaya da ake yi a gidansu, wa ke yin sa, yaya ake yi, yaushe ake ci. Ba a gogewa a sake, yadda ta fito haka za a turo. Zan saurari na kowa in Allah ya yarda, in amsa ɗaya bayan ɗaya, ko da zai kai ni jibi. Ƙanwata, ke za ki fara, kuma na ji an ce innarku ta iya miyar sure, to ita nake son ji. Caji na ya kusa ƙarewa. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, sai da safe.