Sabon furodusa: mutane da salo

Ƙanena, ka ce a kasuwar Kurmi ka tashi, kana son zama furodusa a Kannywood amma ba ka san kowa ba, kuma kana tambaya ko ka bi salon da ake yayi.

Ni ta lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, na shigo, ina raba wa ma'aikata ruwa da abinci. A can za ka gane wane mai kyamara ne ke zuwa da wuri, wane darakta ne ke riƙe amana. Ka fara da su kafin manyan jarumai. Ka biya kowa ranar da ka yi alkawari, ko dubu biyu ce. Na taɓa riƙe wa wani edita kuɗinsa mako uku, har yau in na kira shi sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Abin yana ci mini rai.

Ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kafin ka ɗora kyamara.

Batun salo kuwa, tunda kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, labarin gidan attajirai ya cika ko'ina. Ka kawo mana Kurmi: dillali, ɗan dako, yaron shago da ke jiran ubangidansa ya sallame shi.