Kada ka rufe akwatin postmaster tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka kafa wa kamfaninku sabar imel da hannunka. Da na kai wurin tambayar sai da na yi murmushi, daga baya kuma hankalina ya ɗan tashi. Ka ce Gmail na jefa wasiƙunku cikin shara, wasu ma yana dawo da su. Ka ce akwatin nan na postmaster, inda ake kai wa mai kula da sabar ƙorafi, ba abin da ke shiga cikinsa sai tarkace, wai ko al'adar mutanen da ce kawai, ka goge shi ka huta, ko ma ku bar sabar ku koma hayar Google.

Al'ada ce, amma rubutacciya. A 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP, kuma a shekarar ce aka wajabta wa duk mai karɓar imel ya buɗe akwati da wannan suna. Da aka sabunta ƙa'idar a 2008 ba a cire sharaɗin ba. Sai dai ni ba a takarda na fara sanin haka ba.

Maigidana da ya koya mini aikin nan, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin gidan waya ne kafin ya koma harkar kwamfuta. Dokarsa ita ce, in ka shigo ofis da safe, kafin ka zauna ka buga umarnin mailq ka ga wasiƙun da suka kwana a layi ba su tafi ba, sannan ka karanta postmaster. Idan muka yi ƙorafi yakan ce, "Gidan da ba zaure, ko gobara ta kama bayansa maƙwabci ba shi da inda zai yi sallama."

Wata safiya cikin hunturu, wajen shekarar 2000, a wata babbar makaranta da muke aiki, na buga mailq sai rubutu ya yi ta gudu a fuskar kwamfuta ya ƙi tsayawa. Fitilar faifan ajiya ta kafe ba ta ƙiftawa. Sabar tsohon Sendmail ce a kanta, wato manhajar aika imel, wanda wani ɗan kwangila ya girka tun kafin zuwanmu, irin na kafin fitowa ta 8.9 a 1998, mai karɓar wasiƙar kowa ya miƙa wa kowa ba tambaya. Masu watsa tallan banza sun gano ƙofar, suka kwana suna tura kayansu da sunanmu.

A cikin postmaster muka tarar da wasiƙar wani bawan Allah mai kula da imel na wata jami'a a Jamus. Ba mu san shi ba, bai san mu ba. Layi kaɗan ya rubuta, ya liƙa kan wasiƙun da suka isa gare shi, inda sunan sabarmu ya fito ɓaro-ɓaro a layin Received. Ya ce zai ɗan jira mu gyara kafin ya kai ƙara wurin masu baƙin kundi. A lokacin, shiga kundin MAPS, wato jerin sabobin da tallan banza ke fitowa daga gare su, na nufin wurare da yawa su daina amsa sallamarka gaba ɗaya, ga shi kuma malamai na jiran amsar guraben ƙaro karatu daga waje.

Muka tsayar da Sendmail, muka toshe ƙofar. Aikin da ya fi cin rai shi ne tsince wasiƙun mutane daga cikin tarkacen. A mqueue, inda wasiƙu ke jiran tafiya, kowace wasiƙa fayil biyu gare ta, mai farawa da qf yana ɗauke da adireshi, mai farawa da df yana ɗauke da saƙon. Na ce a share duka a wuce wurin. Maigida ya girgiza kai ya ce, "Wasiƙa amana ce, wanda ya ba ka ya riga ya tafi barci." Haka muka zauna, ƙura na shigowa ta taga, yatsu sun daskare. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, muka ci gaba har bayan isha'i. A can ƙasan tarin muka ciro takardun wani malami da wa'adinsu ke cika a makon. Kafin maigida ya sha ko ruwa, sai da ya rubuta wa mutumin Jamus godiya, ya kuma faɗa masa abin da muka gyara.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, kuna da ilimi da kayan aikin da ba mu taɓa mafarki ba, amma ba ku son a yi muku magana. Mutum ya kwafo umarni ya liƙa, manhajar imel ta Postfix ta tashi, shi ke nan. Wasiƙar da yake aika wa jama'a ma daga noreply take fitowa, wato ni in faɗa, kai ka yi shiru. Kai ma ka rubuto mini shafi guda, amma ba ka kawo layi ko ɗaya daga mail.log ba, fayil ɗin da sabar ke rubuta abin da ya faru da kowace wasiƙa, alhali Gmail ba ya dawo da wasiƙa sai ya faɗi dalili. Dalilin da lamba yake zuwa: wadda ta fara da 4 na nufin dawo an jima, kuma Postfix zai yi ta gwadawa har kwana biyar. Wadda ta fara da 5, kamar 550, kora ce.

Zatona PTR ne matsalarka, wato rajistar da ke haɗa lambar IP da sunan sabar. Lambar IP ɗinka dole ta nuna sunan sabarka, sunan kuma ya dawo kan lambar, kuma kamfanin da ya ba ka hayar lambar ne ke saita wannan, ba wanda ya sayar maka da sunan yanki ba. Tun Fabrairun 2024 Google ya ƙara tsanantawa: kowa sai da SPF ko DKIM, mai aika wa masu Gmail wasiƙa dubu biyar a rana kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC. Dukansu hanyoyi ne na tabbatar da cewa wasiƙa daga yankinka ta fito, kai ka sa ukun gaba ɗaya. Ka kuma duba lambar IP ɗin a baƙin kundin Spamhaus, don lambar haya takan zo da laifin wanda ya riƙe ta kafin kai.

Shi kuwa postmaster, ka buɗe fayil ɗin aliases, mai nuna akwatin da kowane suna zai faɗa, ka karkatar da postmaster zuwa akwatin da kake dubawa kullum, ka haɗa da abuse, akwatin kai ƙarar tallan banza, sannan ka buga newaliases don gyaran ya fara aiki. Tarkacen ka sa masa matata mai sauƙi, kada ka tsananta, don mai kawo maka ƙara yakan liƙo irin wasiƙar banzan da matata ke kamawa.

Batun komawa Google kuwa, magana ce mai tsawo, sai ka zo hutun sallah mu zauna. Kafin nan ka turo mini layukan da ke ɗauke da status=bounced, ka gaishe mini da mahaifiyarka.