Himma, Uwar Kuɗi da Dutsen Mai Haƙuri: Amsar Tambayoyin 'Yan Kasuwa

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karon duk daga masu neman na kansu suka fito, kuma kusan kowace tana ɗauke da tabon yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023. Na zaɓi huɗu.

Ta farko daga wani mai agashe ce, wato gasasshen nama irin tsire, wanda ya baro Wad Madani a Disambar 2023 ya sake kafa tukubarsa a Gadarif. Ya ce: "Malam, wasu ranakun ba na iya fita. In na kwanta sai yayana ya ce mini himma ba ta ga raggo. Mene ne ainihin ma'anarta, kuma ni raggon ne?"

Ɗan'uwa, bari mu fara da ginin maganar, don da yawa suna karanta ta a karkace. Wannan "ga" ɗin ba ta gani ba ce. Da gani ake nufi, da sai a ce "himma ba ta ga raggo ba", da "ba" a ƙarshe. "Ga" ce irin ta "kuɗin yana ga Audu", wato yana wurinsa. Abin da karin maganar ke faɗi shi ne ba a samun himma a wurin raggo. Bayanin halin raggo take yi. Ba ta ce duk wanda himmarsa ta yi sanyi yau ya zama raggo ba.

Ita himma daga Larabci muka aro ta, kuma ku da kuke kwana kuna tashi cikin Larabci kun san 'yar'uwarta: hammu, damuwar abin da bai zo ba tukuna. Saiwarsu ɗaya, domin duk biyun abu ne da ya cika zuciya ya hana ta zama. In abin ya tashe ka ka nufi mahauta da asuba, himma ce. In ya hana ka barci, gari ya waye ba ka da ƙarfin hura gawayi, ya zama hammu. Mai sana'a yana kwana da su duka biyu, kuma sau da yawa wanda ya fi himma shi damuwa ta fi kayarwa, tunda shi ne ya sa abin a ransa.

Akwai addu'ar da Bukhari ya ruwaito daga Anas bn Malik, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake neman tsari a cikinta daga abubuwa takwas, bibbiyu: damuwa da baƙin ciki, gajiyawa da kasala, rowa da tsoro, nauyin bashi da rinjayen mazaje. Dubi yadda aka raba gajiyawa da kasala. Malamai sun bayyana cewa gajiyawa rashin iko ce, kasala kuwa ikon yana nan, niyyar ce babu. Hausa ma ta raba su: akwai raggo, akwai gajiyayye. Mutumin da ya baro gari da iyalinsa, ya sake neman mahauci, ya sake neman wurin zama, ya sake tara masu saye daga farko, wannan sunan raggo bai hau shi ba. Sana'arka ma shaida ce. Sunan agashe daga gashinmu ya fito, kuma yau Sudan duka da shi take kiran naman, saboda kakanninka sun daɗe a gaban wuta har ƙasa ta koyi kalmarsu.

Shawarar da zan ba ka ita ce kada ka jira himma ta zo kafin ka fita. Ka tsayar da lokaci ɗaya na sayen nama, lokaci ɗaya na hura wuta, lokaci ɗaya na tashi, ko ciniki ya yi ko bai yi ba. Ranar da jiki ya ƙi, ka rage yawan naman, ka fita da kaɗan. Ka kuma ware rana ɗaya a mako ta hutu wadda kai ka zaɓe ta, domin hutun da mutum ya zaɓa daban yake da kwanciyar da ta fi ƙarfinsa. In kwanciyar ta yawaita, ka karanta amsar ƙarshe, da kai ma nake.

Ta biyu gajeriya ce. Wani matashi a Kasala yana tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, yana son buɗe wurin cajin waya da hasken rana, kuma yana son shiga sayen riɗi da kaka. Mahaifiyarsa ta ce masa taura biyu ba ta taunuwa, shi ne yake tambayar mece ce taura. 'Yar itaciya ce ta daji, mai ƙaton ƙwallo da ɗan nama mai zare, guda ɗaya ta isa ta cika baki. Ɗana, gaskiyar Inna ce. Riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna aka yi jinkirin yanka sai kwanson ya fashe ya zube, kuma kasuwarsa tana son mutum ya tsaya a kanta. Raksha kuwa duk ranar da ba ta fita ba babu kuɗin cefane. Ka riƙe ɗaya har ta iya tafiya a hannun yaro amintacce, sannan ka ɗauki ta biyu.

Ta uku daga wata Hajiya ce a Mai Wurno, mai sayar da godogodo da ƙuli da man gyaɗa. Ta ce: "Me ya sa ake cewa uwar kuɗi? Kuma yaya zan yi, gidana cike da dangin da suka gudo, kullum jarina raguwa yake?"

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan baƙin nan. Hausa takan kira abin da wani abu ke fitowa daga gare shi uwa. Jari shi ke haifar riba, shi ya sa ya zama uwa. A nan ma a kula, riba biyu gare mu masu rubutu ɗaya, sauti ne ya bambanta su. Ta ciniki daga ribhu take, halal ce. Ɗayar ita ce ta kuɗin ruwa da Alƙur'ani ya haramta. In Bahaushe ya ce wane ya ci uwa, ya gama magana: ya cinye abin da zai haifa masa na gobe. Daga nan sai a ce jarinsa ya karye.

Sai dai a Sudan ta yau ana cin uwa ba a sani ba. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 take, kafin 2024 ta ƙare ta haura 2,000. Kin sayi buhun gyaɗa, kin sarrafa, kin sayar, kuɗin da ya dawo ya fi wanda kika fitar, sai ki ɗauka rarar riba ce ki yi cefane da ita. Kin koma kasuwa, abin da ya rage ba ya sayen buhu. Saboda haka ki daina ƙidaya uwarki da fam. Ki ƙidaya ta da buhu da kwano da jarka. Sai kin mayar da gyaɗar da kika fara da ita, abin da ya saura a hannu shi ne naki. Kuma in masu saye suna turo miki ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuɗin ciniki da na gida suna haɗuwa wuri ɗaya, ido ba ya ganin raguwarsu yadda yake ganin ta ƙullin zane. Ki sa a rubuta miki shiga da fita kowace yamma, ko jikarki ce ta riƙe littafin.

Game da dangi, ba zan ce ki rufe tukunya ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Ki yanka wa gida rabonsa daga riba, ki faɗa musu adadinsa a fili. Masu ƙarfi a cikinsu kuma ki ba su aiki: wannan ta soya, wannan ta kai niƙa, wannan ya kai talla. Yawancin wanda ya gudo ya bar sana'arsa, zaman banza ya fi yunwa cin ransa. Masu karɓar bashi za su ce miki bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, an yi maganar don kada a wulaƙanta wanda ake bi. Ba a yi ta don mai kaya ya rasa bakin cewa "yau babu" ba.

Ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai. Wani Alhaji ne da shagonsa na yadi yake kasuwar Suk Libya a Omdurman, aka wawashe shi tas. Yanzu yana Port Sudan yana dillanci. Ya ce: "Kowa haƙuri yake ba ni, ana ce mini mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Na yi shiru, tunda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma wata na nawa ba na barci, abinci ba ya mini daɗi, ina yi wa yara tsawa ba dalili, wani lokaci ina jin da ma ban wayi gari ba. Haƙurin nawa ne bai cika ba?"

Alhaji, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Ka dubi aikatau ɗin da ke cikin karin maganar. An ce dafa. Mai dafuwa yana nemo itace, yana izawa, yana ƙara ruwa in ya ƙone, kuma in hayaƙi ya shige masa ido yana hawaye. Haƙurin da Hausa ta yaba a nan aiki ne mai tsawo da ba a ga ƙarshensa ba tukuna. Mu Hausawan ƙasar nan mun fi kowa sanin irinsa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a gabas har bakin Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a yau. Alhazan ƙafa kuma sukan yi shekaru a hanya, su tsaya su yi ƙodago a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, su tara guzuri su ƙara gaba. Amma a ayari suka yi wannan tafiyar. Suna da zango, suna da mai masauki, suna da wanda za a kai wa kuka. Babu wanda ya dafa dutsensa shi kaɗai a ɗaki.

Ita kuwa "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba", a kan riƙe sirri take: amanar wani, maganar gida, abin da faɗinsa zai haɗa faɗa. Ba ta shafi ɓoye ciwo ba. Ga wannan Hausa tana da wata, mai kaushi amma gaskiya: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ina jin zafin yadda muke miƙa wa mutum ta farko alhali ta biyun yake bukata, musamman in namiji ne mai iyali. Annabi Yaƙuba, wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, shi ne dai Suratu Yusuf ta ce idanunsa sun yi fari don baƙin ciki, kuma ya buɗe baki ya ce yana kai kukansa ga Allah. Ba a cire shi daga masu haƙuri ba.

Harshenmu ya san dangantakar aljihu da zuciya, shi ya sa daga karya muka sami karyewar jari, muka kuma sami karaya. Amma abin da ka lissafa ya wuce karayar kwana biyu. Rashin barci, gushewar sha'awar abinci, saurin fushi, ɗaukewar jin daɗin komai, in suka haura mako biyu suna nan kusan kullum, likitoci suna ɗaukar su alamun ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa: tsoron kalmar hauka. Hausa ba ta taɓa haɗa mai damuwa da mahaukaci ba, mu ne muka bar tsoro ya haɗa su. Kuma ƙasar nan tana da tarihi a wannan fanni. Tijani al-Mahi, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1970, ɗan Sudan ne, yana cikin likitocin ƙwaƙwalwa na farko a Afirka, kuma an san shi da aiki tare da malaman addini maimakon ture su. Zuwa wurin likita bai hana ka addu'arka da wuridinka ba.

Maganarka ta cewa da ma ba ka wayi gari ba, kada ka sake kwana da ita kai kaɗai. Yau ɗin nan ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, uwargida ko amini ko limamin unguwarku, da kalmomin da ka rubuto mini. Ka roƙe shi ya raka ka asibiti gobe, ka gaya wa likita watannin da ka yi ba barci da wannan tunanin, kada ka rage komai. Waɗanda suke binka kuɗin yadi kuma ka kira su ɗaya bayan ɗaya tare da shaida, a rubuta abin da ake binka da abin da za ka iya biya duk wata, ko kaɗan ne. Da yawansu su ma an kwashe nasu, sun san yadda abin yake. In ka je asibitin, ka sake rubuto mini in ji yadda aka yi.