Kare Kamfanin Dillancin Hannun Jari a Kotu: Taimakon Azzalumi Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni matashin lauya ne a Birnin Kebbi. Wani ofishin lauyoyi a Abuja ya yi mini tayin aiki, kuma yawancin aikinsu kare kamfanonin dillancin hannun jari ne idan masu zuba jari suka kai su ƙara. Mahaifina yana cikin waɗanda suka tafka asara a 2008, har yau ba ya son jin sunan dillalan nan. Me aikin ya ƙunsa? Ba zan zama mai taimakon azzalumi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a karatu. Shawarata ita ce ka karɓi aikin, amma ka shige shi da sanin bambanci tsakanin asarar da kasuwa ta jawo da kuma cin amana, domin duk shari'ar da za ta zo teburinka a kan wannan take juyawa.

Baba yana da hujjar jin haushi. Bayan da Babban Bankin Najeriya, a zamanin Soludo, ya tilasta wa bankuna kai jarinsu naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna suka baza komar sayar da hannun jari. Ma'aikata, 'yan fansho da 'yan kasuwa daga Yauri har Argungu suka saya, wasu ma da bashin banki. A Maris 2008 darajar hannayen jarin da ke kasuwar Legas ta haura naira tiriliyan 12, kafin shekara ta zagayo ta faɗo ƙasa da rabin haka. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan dillali, alhali farashi ne ya karye. Sai dai a cikin wannan guguwa an samu dillalan da suka sayar da hannayen jarin mutane ba da izininsu ba, ko suka riƙe kuɗin cinikin. Waɗannan kam ba kasuwa ce ta ci kuɗin ba.

Dillalin hannun jari wakili ne, kamar dillalin shanu a kara. Idan ka ce ya sayar, ya sayar a farashin ranar, ya cire la'adarsa ya miƙa maka kuɗinka, ba ka da ta cewa don farashi ya tashi washegari. Idan kuwa ya sayar da sanka kana gida ba ka sani ba, magana ta canza.

Shi ya sa aikin kusan duk na takarda ne. Ranar da aka miƙo maka fayil, ka fara neman fom ɗin buɗe asusu, ka dubi sa hannun mai asusun da hotonsa. Sannan ka nemi takardar umarnin saye ko sayarwa, ka jera sa hannun biyu gefe da gefe. Ka karɓo bayanin asusun daga CSCS, ma'ajiyar da ke riƙe da hannayen jari tun 1997, ka ga ranar da aka yi cinikin. Ka binciki lambar wayar da aka tura wa saƙon sanarwa, ta mai asusun ce ko wani ya sauya ta? A ƙarshe, wane asusun banki kuɗin ya faɗa? A ce magada daga Jega sun zo da takardar shaidar rasuwar mahaifinsu, sai ga umarnin sayarwa ɗauke da sa hannunsa wata takwas bayan an binne shi. A nan babu wata dabarar lauya da ta rage. Ka shiga ofishin shugaban kamfanin ka gaya masa gaskiya: a mayar wa marayu hannayen jarinsu tare da ribar da suka rasa, a nemi sulhu. Wannan shawara ita ma kariya ce, domin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, tana iya cin kamfani tara, ta dakatar da shi, ko ta soke rajistarsa ɗungurungum. Ni a wurina lauyan da ya iya faɗa wa mai biyansa "ka biya" ya fi wanda ya iya jan shari'a shekara biyar daraja.

Akwai kuma ranakun da kamfanin ne mai gaskiya. Mutum zai ba da umarni a rubuce, farashi ya tashi daga baya, ya dawo ya ce bai san zancen ba. Kare irin wannan kamfani tsayar da gaskiya ne, ba ka da abin jin kunya.

Hanyar shari'ar ba irin wadda ka saba a babbar kotun jiha ba ce. Mai ƙorafi yakan fara da kamfanin, wanda tsarin SEC na 2015 ya ba kwana 10 na aiki ya warware matsalar. In abin ya gagara, sai NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, ko ita SEC, wadda ke da kwamitin da ke sauraron ɓangarori. Daga nan sai kotun musamman ta harkar zuba jari, IST, mai hedikwata a Abuja, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara. Dokar zuba jari ta 2007 ta ba IST wata uku ta kammala shari'a daga ranar fara sauraro, saboda haka babu wurin yawan neman ɗage zama. Yanzu sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ce ke aiki. Ka karanta ta daga bango zuwa bango, ka kuma bi hukunce-hukuncen da aka yi a kan takaddamar hurumi tsakanin IST da Babbar Kotun Tarayya, don lauyoyi sun daɗe suna fafatawa a kanta.

Wata aba da zan ja kunnenka a kai: 'yan damfara irin MMM ko CBEX ba dillalai ba ne, ko da sun kira kansu haka. Kafin ka karɓi fayil, tabbatar kamfanin yana da rajista da SEC.

Ka koyi karanta bayanin asusu da lissafin la'ada, domin lauya da yawa a nan suke tuntuɓe. Idan kuma kamfanin da aka ba ka yana da alaƙa da asarar Baba, ka sanar da shugabanninka, ka janye hannunka daga fayil ɗin. Ka zauna da Baba kafin ka tafi Abuja, ka nemi albarkarsa, ka kuma tambaye shi tsofaffin takardun hannun jarinsa. Mai yiwuwa akwai ribar shekaru da ke kwance wurin masu rajista (kamfanonin da ke riƙe da sunayen masu hannun jari, suke biyan su riba), wadda cike fom a banki zai sa ta riƙa shiga asusunsa kai tsaye.