Awa nawa jirgi yake yi daga Jidda zuwa Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka, wajen Misfala. Mahaifiyata ta kammala Umara za ta koma gida. An rubuta a tikitinta za su tashi daga Jidda ƙarfe 10:00 na safe, su sauka Kano ƙarfe 1:00 na rana, wato awa uku. Amma ranar zuwanta tikitin awa bakwai ya nuna. Wanne ne daidai? Tana da ciwon suga, kuma maganinta yana da lokaci, shi ne damuwata.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya karɓi ibadar Hajiya, ya kai ta gida lafiya.

Ba uku ba ne, ba kuma bakwai ba, awa biyar ne a zuwa, awa biyar kuma a komawa. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, su kuma kamfanonin jiragen sama kowane lokaci da agogon garinsa suke rubuta shi. Ƙarfe 10:00 ɗin nan na Jidda ne, ƙarfe 1:00 na Kano. Sa'ad da jirgin zai sauka, ke a nan Makka agogonki ƙarfe 3:00 zai nuna. Ki jaddada wa masu zuwa tarbarta kada su ƙara ko su rage komai a kan ƙarfe 1:00.

Daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz zuwa na Malam Aminu Kano kimanin kilomita 3,400 ne in an miƙe. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, ga kuma lokacin tashi da na sauka, shi ya sa tafiyar kan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar, da zarar an tsallake Bahar Maliya, ta kan Sudan da Chadi take ratsawa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka koma zagaye. Don haka lissafin da ke kan tikiti ya fi na taswira abin dogaro. Wanda kuwa zai ya da zango a Alƙahira ko Adis Ababa, shi yini guda zai ware.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne, tafiyar Hajiya ba a bakin jirgi za ta fara ba. Daga Makka zuwa filin jirgi a mota ya haura awa guda, ana so a isa awa uku kafin tashi, a Kano kuma ga layin jami'an shige da fice da jiran kaya. Ki lissafa mata awa goma zuwa sha ɗaya daga ƙofarki zuwa ƙofar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijuwa mai suga.

Maganinta ya kasance a jakar hannu, kada ya bi kayan awo, tare da 'yan dabino ko biskit saboda sukarin na iya sauka. Ta bar agogonta a kan lokacin Makka har sai ta sauka, kada lissafin maganin ya rikice mata. In allurar insulin take yi, likitanta ya tsara mata lokutan ranar tafiyar. Ki kuma kira kamfanin jirgin kwana biyu kafin tashi a tanadar mata keken guragu, domin tafiyar ƙafa a cikin filin jirgin Jidda tana da nisa.