Tambaya da Amsa: Salak ɗin dankalin Hausa da kifin tuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah taimako nake nema, maigidana ne likita yace ya rage maiƙo da soye-soye, shine naga ana haɗa salak da dankalin Hausa da tuna na gwangwani nace bari in gwada masa da daddare, wallahi Anti dankalin ya dame ya koma kamar fate, ga bama na zuba sosai dan yayi daɗi amma ko rabi bai ci ba. Ina matsalar take? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙarawa maigida lafiya. Dankalin ya dahu da yawa ne, sannan da zafinsa kika haɗa. Ki fere ki yanka shi ƙwara-ƙwara ba ƙanana sosai ba, ki zuba a ruwan da ya tafasa da ɗan gishiri, minti 8 zuwa 10 ya isa, ki soka cokali mai yatsu in ya shiga bai farfashe ba ki sauke nan take ki tsane a kwando ki baza a faranti ya huce tas kafin ki taɓa shi. In kin samu mai jan ciki, launin karas, ki ɗauka, yafi farin dankalin yawan sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sai dai yafi saurin laushi, kada ki bar shi a wuta ki tafi hira.

Sai maganar bama, nan zan ɗan yi miki faɗa. Ai bama kusan duk mai ce da ƙwai, kinga an gudu ba a tsira ba kenan. Ki matse lemon tsami ɗaya, ki sa man zaitun cokali ɗaya ko biyu (man gyaɗa mai kyau ma yayi), masoro da gishiri kaɗan ki kaɗa. In yana son abu mai kauri ki sa kindirmo ko yogot mara suga. Ni har garin ƙuli nake barbaɗawa ya ɗauko ɗanɗanon kwaɗo, amma kaɗan, shima da mai a jikinsa.

Tuna kuma ki duba jikin gwangwanin, akwai na cikin mai akwai na cikin ruwa, na ruwan zaki saya ki tsiyaye sosai saboda gishiri. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, gwangwanin da ya kumbura ko yayi tsatsa ki bar musu kayansu. Masu juna biyu su ci tuna jefi-jefi saboda sinadarin makuri (wani ƙarfe mai guba da ke taruwa a jikin kifi), sadin yafi musu.

Ki haɗa da kokwamba, tumatir, koren tattasai da albasa, dafaffen zogale ma yana shiga sosai. Kifin a ƙarshe, ki juya a hankali sau biyu ko uku kawai. In ba wuta kuma firij bai ɗauki sanyi ba kar ya wuce awa 2 a ajiye, musamman da zafin nan. In kuma maigida harda ciwon suga gareshi to ya tambayi likitansa yawan dankalin da zai ci a zama ɗaya.