Amsar tambayarka kan gaisuwa a wurin aiki

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Ka ce abokan aikinka suna maka dariya don kana bin ofis-ofis da safe kana gaida mutane, wai fadanci ne, kuma kana so ka ji ko dole ne ka durƙusa wa oga.

Toh durƙuso da cire takalmi da "Allah ya ba ka nasara" wannan na fada ne, da gaban iyaye da malamai. Zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aikin ofisoshin mulkin gargajiya a ƙasar Zazzau yana hannun sarauta ne, hakimi shi ne shugaban malaman haraji da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa aka saba zubewa. Yau ba wanda ya ce ka zube gaban darakta. Ka yi sallama, ka ɗan rusuna, barka da asuba yallaɓai, in mace ce ranki ya daɗe, kuma kar ka riga babba miƙa hannu, shi ke nan.

Amma gaisuwar safe kam ba fadanci ba ce, sai dai in oga kaɗai kake gaidawa. Mu lokacin da muke aiki a Samaru daga maigadi ake farawa, sai mai shara, sai masinja, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki in ka san yana da mara lafiya a asibiti, kuma a nan ne fa za ka ji an yi wa wane rasuwa a Tudun Wada, wane kuma yana da suna ranar Asabar a Ƙofar Doka, kafin azahar an haɗa gudummawa ba tare da an rubuta wata takarda ba.

Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 abu ya soma canjawa. Kwanaki na shiga wani ofis kan maganar fansho, na yi sallama, yaron yana danne-danne da abu toshe a kunne, ko ɗagowa bai yi ba sai cewa ya yi "mene ne?" Ga wani dattijo tsaye da sanda, ga kujera an jibga mata fayil, wallahi ba wanda ya kawar.

Kuma ba ku kaɗai ke da laifi ba, mu manya ma da namu. Ogan da za a gaishe shi ya ce "uhm" idonsa na kan kwamfuta, ko ya kira masinjan da ya haife shi da "kai zo nan", me yaro zai koya a wurinsa?

Ka ci gaba da abinka, kawai dai kar ka zauna hira lokacin aiki, ka gaisa ka wuce teburinka. In za ka ci abinci ka yi wa na kusa da kai bismillah, in wani ya zo neman abu ka ajiye wayar tukuna. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce ina nan tafe bayan Juma'a in Allah ya yarda.